Macijiya a Ɗakin Amarya: Fim ɗin Nagina da Tatsuniyar Rikiɗa a Gulbin Rima

Rikiɗa, wato wata halitta ta ajiye kamanninta ta ɗauki na wata, tsohon zance ne a ƙasar Hausa, shi ya sa finafinan Indiya na macizai masu zama mutane ba su zo wa masu kallo a matsayin baƙin abu ba, ko a gidajen kallo na da, ko a wayoyin da matasan Wurno da Rabah da Goronyo ke kai wa masu tura finafinai a yau. Fitacce daga cikinsu shi ne Nagina, wanda ya fito a 1986, shekara goma bayan Nagin na 1976.

Labarin ya ginu ne a kan Rajiv, ɗan masu hali, wanda Rishi Kapoor ya fito a matsayinsa, da ya dawo daga ƙasar waje ya haɗu da wata budurwa mai suna Rajni a wani tsohon kango, ya kuma kafe sai ita, alhali mahaifiyarsa ta riga ta yi masa mata. Bayan an ɗaura aure sai wani hatsabibin gardi, Bhairo Nath, wanda Amrish Puri ya taka rawarsa, ya tsegunta wa uwar cewa surukarta macijiya ce, ya zo da yaransa har cikin gida suna busa don su tilasta mata komawa ainihinta. A nan ne Sridevi, wadda ta fito a matsayin Rajni, ta yi rawar da ta yi suna, sanye da fararen kaya, idanunta sun sauya launi, tana birgima a ƙasa tana kai sara. Daga baya ya bayyana cewa gardin wani dutse mai daraja da macizai ke tsaro yake nema, kuma ran mijin Rajni na asali, shi ma maciji, yana cikin jikin Rajiv.

Mai kallo a fadamar Rima, inda manomin albasa da shinkafa ke cin karo da maciji a bakin lambu, ya riga ya san ƙashin bayan wannan labari tun daga ɗakin kakarsa. Akwai tatsuniyar budurwar da ta ƙi duk manemanta ta ce sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya, ta samu, sai da suka yi nisa a daji angon ya tuɓe kamannin aro. Akwai kuma ta ɓaunar da ta zama kyakkyawar mace ta bi maharbi gida, tana lallashinsa da dare har ya riƙa lissafa mata abubuwan da yake rikiɗa ya zama idan naman daji ya taso masa, kututture ne, suri ne, saura na ƙarshe wani babba a gidan ya kwaɓe shi, kuma wannan guda ɗaya da bai faɗa ba shi ya fisshe shi ranar da ta koma ɓauna. Irin waɗannan labarai, da yawansu daga lardin Sakkwato, su ne Frank Edgar ya tattara ya buga cikin littattafai uku daga 1911 zuwa 1913.

Malamai ma ba su bar zancen ba, kuma a yankin da ke da Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda aka binne shi a 1837, maganarsu tana da nauyi. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin wani ango a Madina da ya soke macijin da ya tarar a shimfiɗarsa, shi ma ya faɗi matacce, aka kuma yi umurni da a riƙa yi wa macijin gida gargaɗi na kwana uku kafin a kashe shi, domin yana iya zama aljani. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi auren mutum da aljani saboda gudun kada mace ta yi ciki ta jingina shi ga mijin da ba a gani.

Inda fim ɗin ya saɓa wa tatsuniya shi ne wajen hukunci. A tatsuniya mai rikiɗa baƙo ne marar asali da ke zuwa da mugun nufi, abin tsoron kuwa shi ne aure ba tare da binciken dangi ba, al'adar da iyaye ke riƙe da ita har gobe. A Nagina kuwa macijiyar ce mai amana, mai tsare mijinta daga maƙiya, mugun shi ne ɗan Adam mai kwaɗayi, kuma an tashi fim ma'auratan suna tare, abin da tatsuniya ba ta yarda da shi ba.

Masu shirya finafinan Hausa, da suka sha aron waƙa da rawa daga Indiya, ya kamata su waiwayi ɓaunar maharbi, domin labarinta a shirye yake, fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo kuwa ta ishe su wurin ɗauka.