Daga Baku zuwa Kontagora: wa zai biya kuɗin zafin nan?

 

A makon jiya wani dattijo ya shigo kemis ɗinmu a nan Kontagora da kwalbar insulin a aljihun gaba na rigarsa. Ya ce, "'Yata, duba mini wannan. Ina yin allurar nan kullum, amma sugan ya ƙi sauka." Da na ɗaga kwalbar sai na ga ruwan ya yi gudaji-gudaji. Na ce, "Baba, a ina kuke ajiye ta?" Ya ce a firji, amma kwana huɗu ke nan ba su ga wuta ba. Ya biya kuɗin sabuwa yana ƙirga canjinsa sau biyu. Ni kuwa na tsaya ina tunanin cewa a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ne wannan ke faruwa.

Za ku ce me ya haɗa kwalbar Baba da tarukan sauyin yanayi da muke ji a rediyo? Ku biyo ni.

Kowace shekara Majalisar Ɗinkin Duniya na tara ƙasashe kusan 200 don tattauna ɗumamar yanayi, kuma rigimar kusan guda ce kullum: kuɗi. Ƙasashen Turai da Amurka sun yi arziki da ƙona kwal da man fetur sama da shekara ɗari. Hayaƙin ya taru a sararin sama yana riƙe zafi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wani ya ci, wani da wanke kwano.

A 2009, a birnin Kofanhegan na Danmak, ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne da za a biya. A taron Masar na 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, aka amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da bala'in yanayi ya yi wa ɓarna. Da aka buɗe shi a Dubai a 2023, alƙawuran da aka tara sun tsaya a wajen dala miliyan 700. Sai taron Baku na ƙasar Azarbaijan a Nuwamban 2024: ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka tashi a kan biliyan 300 kafin 2035. Wakiliyar Najeriya ta kira adadin abin dariya a gaban taro, Indiya ma ta yi tir da shi. Watanni biyu bayan haka Shugaba Trump ya sa hannu a fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris ta 2015. A taron Belem na Brazil a 2025 an yi kira a ninka kuɗin taimaka wa ƙasashe su jure wa sauyin sau uku kafin 2035. Kira ne dai.

Masu arzikin ma suna da nasu ƙorafin. Suna cewa China ce yanzu ta fi kowa fitar da hayaƙi, ga kuma ƙasashen Larabawa masu mai, don me ba za a wajabta musu zuba kuɗi ba? Suna kuma tambayar inda kuɗin ke shiga idan ya iso. Wannan tambaya ta biyu, gaskiya, tana yi mini ciwo domin ba ta rasa tushe. Mu ma muna ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Dalta, kuma duk mai bin hanyoyinmu ya ga motocin gawayi na fita da dazukanmu buhu-buhu. Amma matar da ke girki da gawayi don gas ya fi ƙarfinta ba ita ta ɗumama duniya ba.

Ga inda abin ya iske mu a gida. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ƙididdiga. Ku ɗauko kwalin kowane magani a ɗakinku ku karanta bayansa: yawanci za ku ga an ce a ajiye a ƙasa da digiri 30. A watannin Maris da Afrilu, ɗakin kwano a Kontagora na wuce hakan tun kafin azahar. Insulin da ba a buɗe ba tana son digiri 2 zuwa 8. Haka alluran rigakafin yara, haka oksitosin, allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini. Idan ta sha zafi sai ƙarfinta ya ragu ba tare da ido ya gani ba, ungozoma ta yi allura, jini ya ci gaba. Firji mai aiki da hasken rana a asibitin karkara, irin abin da wancan kuɗin da ake ja-in-ja a kansa zai saya ke nan.

Sai ruwa. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, nan kan hanyarmu ta zuwa Ilori, ta kashe sama da mutum 150 cikin dare guda, Unguwar Hausawa na cikin inda abin ya fi muni. Bayan ruwa ya janye kuma aikinmu ke farawa: rijiyoyi sun haɗu da masai, amai da gudawa su ɓarke, kududdufai su haifi sauro.

To, kafin manya su gama cinikinsu, ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. Kada ku ajiye magani a kan taga, ko a kicin, ko a cikin mota. Idan babu wuta, ku sa insulin a leda ku ɗaure da kyau, ku ajiye a ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta duniya a 2000 saboda yaɗa wannan dabara. Kada ku ɗora ta a kan ƙanƙara, daskarewa ma na lalata ta. Wadda aka buɗe, a yi amfani da ita cikin mako huɗu.

Masu hawan jini da ke shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari, ku kula da jiri a lokacin zafi, ku yawaita shan ruwa, amma kada ku daina maganin da kanku, ku koma wa likita. Masu aikin ƙarfi a rana, leburori da 'yan acaɓa, ku rage haɗiyar diklofenak da ibuprofen a kan ƙishirwa, ƙoda ce ke biya. Uwargida kuma, kada gidanki ya rasa ORS da zinc kafin damina; zinc ɗin kwana 10 zuwa 14 ake bai wa yaro ko da gudawar ta tsaya. Idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun ƙwanƙwasa ƙofa, a fito musu da duk yaro ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kuma a cika kwana ukun.

Baba ya dawo jiya. Ya ce jikarsa ta haɗa masa tukwanen, ita ce ma mai yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Na auna sugansa, ya fara sauka. Yana fita ya waigo ya ce, "To 'yata, kuɗin waccan da ta lalace fa, wa zai biya ni?"