3.4 Ƙarfin Sauyin Maganaɗisu a Ƙananan Cibiyoyin Ƙwayar Zarra

Kamar yadda bayani ya gabata, cibiyar ƙwayar zarra ta ƙunshi furoton da niyutoron. Kowannensu yana jujjuyawa tamkar katantanwar yara, kuma wannan juyi ne yake mayar da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan ɗayansu ya birkice fuskar juyinsa, cibiyar takan sauka daga matakin kuzari na sama zuwa na ƙasa, ta fitar da hasken gama. Wannan shi ake kira sauyin maganaɗisu. Ƙarfinsa kuwa shi ne gwargwadon saurin aukuwarsa.

Misali mafi sauƙi yana cikin ruwa, ko na madatsar Goronyo ne ko na rijiyar Dinawa, domin cibiyar haidirojin da ke cikinsa furoton ne guda ɗaya tak. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya da ta fara aiki a shekarar 2004, wadda ruwa ne yake rage wa niyutoron gudu a cikinta. A nan wani furoton yakan cafke niyutoron mai tafiyar hawainiya alhali juyinsu ya saɓa. Sai juyin ya koma fuska ɗaya, su haɗu su zama diyuteron, hasken gama mai kuzarin miliyan 2.2 na ma'aunin ilektaron-bolt ya fita.

Muhimmancin wannan misali shi ne, ƙwayoyi biyu kawai ya shafa, saboda haka masu lissafi ba su da wurin fakewa. Duk da haka an daɗe lissafinsu yana gaza abin da aka auna da kusan kashi 10 cikin 100. Giɓin ƙarami ne a ido, amma ya nuna akwai abin da aka tsallake. Sai a 1972 Riska da Brown suka nuna cewa ƙwayar fayon, wadda furoton da niyutoron suke musaya domin su riƙe juna, ita ma tana ɗauke da cajin lantarki, kuma zirga-zirgarta tana ƙara wa sauyin ƙarfi. Da aka saka kasonta, lissafi ya zo daidai da awo. Da wannan hanya ake bi a yau wajen lissafa irin wannan sauyi a cibiyoyin litiyom da beriliyom, inda ƙwayoyin ba su wuce 10 ba.