Ringin Fistan: Zoben Da Aka Yanke Da Gangan Don Ya Tare Iska

Idan mota ta fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, tana shan baƙin mai, ga ƙarfinta ya ragu a kan hawa, hukuncin da kanikawa suka fi yankewa shi ne: "sai an yi mata ringi." A sauke inji, a zare fistan, sai ga wasu siraran zobba na ƙarfe waɗanda kowannensu bai wuce nauyin makullin ƙofa ba. Wanda ya ɗauki ɗaya ya duba zai ga abin mamaki: zoben a yanke yake, bakinsa biyu ba su haɗu ba. Abin da aka ƙera don ya hana iska wucewa, sai ga shi da kafa a jikinsa tun daga masana'anta.

Wannan kafa ba kuskure ba ce. Duk dabarar ringi ta ginu ne a kan cewa ba za a iya toshe silinda ƙam ba, sai dai a rage yoyon har ya zama bai dami inji ba.

Me ya sa fistan ba ya toshe silinda da kansa?

Fistan yana hawa da sauka ne a cikin silinda, kuma a samansa ake ƙona fetur ko gas. Zafin wutar yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, matsin iskar kuwa a injin fetur yakan kai ninki talatin ko fiye na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A injin gas ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistan yana hawa ya sauka sau 50 a daƙiƙa guda.

Yawancin fistan na yanzu da alminiyam ake yin su, shi kuma alminiyam idan ya ɗauki zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi da aka saba yin silinda da shi. Da za a ƙera fistan ya cika silinda cif yana sanyi, da zarar ya yi zafi zai kumbura ya cije. Dole a bar masa 'yar tazara. Ta wannan tazara kuma iskar da aka ƙona za ta tsere ƙasa, baƙin mai ya hauro sama. Aikin ringi ke nan: ya cike tazarar da fistan ba zai iya cikewa ba.

Matsalar ta girmi mota. A zamanin injinan tururi na farko, zaren wata shuka mai kama da rama ake naɗawa a jikin fistan, a shafe shi da kitse, a danne. Yana saurin cinyewa, yana kuma jan inji baya. A 1852 wani injiniyan jiragen ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, ya fito da siririn zoben ƙarfe mai yanka guda, wanda faɗinsa ya ɗan fi na silinda. Sai an matse shi yake shiga, idan ya shiga kuma yana ƙoƙarin buɗewa, ta haka yake manne wa bango. Zobbansa na farko ba su cinye daidai ba, domin zoben da yake da'ira sak a waje, idan aka matse shi ba ya danna bango da ƙarfi ɗaya a kowane gefe. Sai ya sauya siffar: ya ƙera shi ba zagayayye sosai ba, yadda sai ya shiga silinda yake zama da'ira. Har yau a kan wannan ƙa'ida ake ƙera ringi.

Iskar da yake tarewa ita ke ba shi ƙarfi

Mutane da yawa, har da wasu masu gyara, suna ɗauka cewa ƙarfin buɗewar ringi, wato irin na sifirin, shi ke tare iskar. Wannan ƙarfi ɗan kaɗan ne, mutum yana iya matse ringi da yatsu biyu. Amfaninsa kawai ya riƙe ringin a jikin bango kafin matsi ya zo.

Ainihin aikin yana faruwa ne a cikin gurbin da aka sassaƙa a jikin fistan. Ringi ba ya cika gurbin nan. Akwai tazara a samansa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ko ta yi daidai da shi, akwai kuma wani fili a bayansa. Lokacin da wuta ta tashi, iska mai matsi tana bi ta gefen kan fistan ta danna ringi ƙasa, ya zauna daram a kan daɓen gurbinsa. Daga nan ta ratsa ta samansa ta shiga bayansa, ta tura shi waje ya manne wa bangon silinda. Iya ƙarfin matsin, iya ƙarfin mannewar. Idan matsi ya sauka, ringi ya saki bango, gogayya ta ragu.

Saboda haka ringi yana da fuska biyu da yake toshewa da su: wadda ke kallon bango, da ta ƙasansa. Ana yawan mantawa da ta biyun. Idan gurbin fistan ya cinye ya yi faɗi, ko daɓensa ya lotsa, ko an sa sabon ringi iska za ta ci gaba da bi ta ƙarƙashinsa. Haka kuma idan dattin ƙonannen mai ya daskare a gurbin ya riƙe ringi, iska ba ta samun hanyar shiga bayansa, sai ya zama ƙarfe kawai da ke kwance. Shi ya sa manyan injinan gas suke amfani da ringi mai siffar tsinin gatari, kauri a waje siriri a ciki, wanda motsinsa a gurbi yake farfasa dattin kafin ya daskare.

Lissafin yankan

A ɗauki silinda mai faɗin milimita 80. Kewayen ringinta ya kai kusan milimita 251. Ringin sama ya fi bangon silinda zafi, tun da shi yana jikin fistan, bango kuma ruwa na sanyaya shi. Idan bambancin ya kai digiri 100, ƙarfen ringin zai ƙara tsawo da kusan milimita 0.28. Wannan ƙarin dole ya sami wurin zuwa. Shi ya sa tazarar bakin ringin sama a irin wannan silinda take kaiwa wajen milimita 0.3 yana sanyi, kuma tsohuwar ƙa'idar masu haɗa inji ita ce kusan milimita 0.4 ga kowane milimita 100 na faɗin silinda. Ainihin adadin dai yana cikin littafin kowane inji.

Idan tazarar ta yi yawa, asarar kaɗan ce: iska ta ɗan ƙara tserewa. Idan ta yi kaɗan kuwa, bakin biyu su haɗu, ringi ya rasa wurin miƙewa sai waje. Ya karce silinda, ko ya karye, wani lokaci ya ɓalle gefen kan fistan gaba ɗaya. Bakaniken da ya zare sabon ringi daga kwali ya ɗora a fistan ba tare da ya fara tura shi cikin silinda ya auna bakinsa da siraran ƙarafunan awo ba, caca yake yi da injin mutane.

Uku ne, amma aikinsu ba ɗaya ba

Na sama shi ke karɓar wuta. Fuskarsa a ɗan kumbure take kamar cikin ganga, domin ko fistan ya ɗan karkata ya ci gaba da taɓa bango, ya kuma hau kan baƙin mai maimakon ya kankare shi. Akan lulluɓe fuskar da kurom ko molibdinam, a sababbin injina kuma da wani shafi mai taurin gaske na sinadarin kabon. Akwai aikinsa da ba a cika ambata ba: ta jikin ringi mafi yawan zafin kan fistan yake tsallakawa zuwa bangon silinda, daga nan ruwa ya kwashe. Ringin da ya daina taɓa bango da kyau ya bar fistan cikin wuta.

Na biyu sunansa ringin matsi, amma rabin aikinsa ko fiye sharar mai ne. Fuskarsa a karkace take, idan yana hawa ya zame a kan mai, idan yana sauka ya sharo shi ƙasa. Juya shi aka yi, zai riƙa sharar mai yana kai shi ɗakin wuta; dalilin ɗigo ko rubutun da ake yi a gefensa na sama ke nan. A injina da yawa na zamani, bakinsa ya fi na ringin sama faɗi, da gangan. Iskar da ta tsere wa na sama, idan ta maƙale tsakanin ringin biyu, tana iya ɗaga na saman daga mazauninsa ya fara karkarwa, toshewar ta lalace. Gara a ba ta hanya ta wuce ƙasa.

Na uku shi ne ringin mai. A injin fetur yawanci gida uku ne: siraran zobba biyu da sifirin a tsakaninsu. Shi ba ya samun taimakon matsin iska, don haka sifirin ɗinsa ne mafi ƙarfi. Yana kwashe man da ya fantsama a bango ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan huji a jikin fistan, ya bar shafi siriri wanda kaurinsa bai wuce 'yan maikiron ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita sau 'yan kaɗan.

A kan wannan siririn mai sauran ringin suke sulɓi. A tsakiyar tafiya, inda fistan ke gudu, ringi yana yawo a kan mai ba ya taɓa ƙarfe. A can ƙololuwa kuwa fistan yana tsayawa cak kafin ya juyo, daidai lokacin da zafi da matsi suka fi yawa, sai man ya matse, ƙarfe ya ɗan taɓa ƙarfe. Shi ya sa tsohuwar silinda ta fi cinyewa a sama, har a ji gaɓa da farce inda ringi yake tsayawa. Ƙurar hunturu tana hanzarta wannan, domin ƙwayar rairayin da ta kuɓuce wa yagaggen matacin iska ta fi shafin man kauri, kuma tana da taurin da za ta karce ƙarfe.

Farashin rage kauri

Gogayyar fistan da ringinsa ita ce kaso mafi girma na ƙarfin da inji ke asara a cikin kansa. Don rage shan fetur, kamfanoni sun yi ta sirantar da ringi: daga wajen milimita 2 a tsofaffin motoci zuwa 1.2 ko 1.0 a na yanzu, tare da rage ƙarfin sifirin ɗin ringin mai. An sami sauƙin fetur, amma irin wannan ringi ba ya yafe sakaci. Ɗan datti kaɗan ya isa ya riƙe shi. Misalin da aka sani shi ne injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Toyota, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, motar da ta cika titunan Najeriya. A 2011 kamfanin ya fitar da sanarwa ga masu gyaransa a Amurka game da yawan shan baƙin mai a wasu daga cikin waɗannan injina, kuma maganin da ya bayar shi ne sauya fistan da ringi tare.

Ƙaramin janareta mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, tsarinsa daban ne. Ba shi da ringin mai, tun da man a cikin fetur yake zuwa. Silindarsa kuma tana da ƙofofi a bango, don haka akan kafa ɗan ƙaramin fil a gurbin fistan ya hana ringi juyawa, kada bakinsa ya faɗa ƙofa ya karye. A injin mota mai bugu huɗu babu wannan fil. Ringi yana juyawa a hankali yayin aiki, kuma hakan yana taimaka masa ya cinye daidai.

Sabon ringi ba ya zama a tsohon bangon da ya yi sulɓi kamar madubi. Sai an goge silinda da dutsen wasa na musamman, a bar mata ƙananan zane masu gicciye juna. Kwarin zanen yana riƙe mai, tudunsa kuma shi da fuskar ringi suke cin juna a sa'o'in farko har su dace. Injin da aka haɗa aka bari yana ta aiki a tsaye ba kaya, matsin da ke bayan ringinsa ba ya isa ya danna shi a bango. Zanen ya toshe da ƙonannen mai kafin ringi ya zauna, sai mota ta fito daga gyara tana hayaƙin da aka kai ta dominsa.