2.3 Rawar da Littattafan Kyautata Kai ke Takawa Wajen Koyon Shugabanci

Littattafan kyautata kai su ne waɗanda aka rubuta domin mai karatu ya gyara halinsa da aikinsa da hulɗarsa da jama'a, ba tare da malami ya zaunar da shi ba. Ana danganta bunƙasar wannan nau'in rubutu da littafin Self-Help na Samuel Smiles, wanda aka buga a Landan a shekarar 1859. Ginshiƙinsu kuwa shi ne cewa shugabanci abu ne da ake koyo, ba sai wanda ya gada ba.

A ƙasar Amurka, Dale Carnegie ya fara koyar da magana a gaban jama'a a birnin New York a 1912, kuma daga darussan nan ne littafinsa How to Win Friends and Influence People ya fito a 1936. Abin da ya fi jaddadawa shi ne shugaba ya iya sauraro, ya yaba aiki mai kyau, ya kuma yi gyara ba tare da kunyata na ƙasa da shi ba. Shi kuwa Peter Drucker, a cikin The Effective Executive (1967), ya karkata ne ga aikin ofis. Ya shawarci shugaba ya riƙa rubuta inda lokacinsa ke tafiya, ya fara da abin da ya fi muhimmanci, sannan ya ɗora kowane ma'aikaci a kan abin da ya ƙware a kai. Daga baya Stephen Covey, a cikin The 7 Habits of Highly Effective People (1989), ya soki littattafan da suka tsaya ga dabarar jawo hankalin mutane. A ganinsa, gaskiya da riƙon amana su ne tushe, dabara kuwa reshe ce.

Sai dai kuma waɗannan littattafai ba su rasa naƙasu ba. Da yawansu sukan zaɓi waɗanda suka yi nasara su ba da labarinsu, su bar waɗanda suka bi hanya ɗaya amma suka faɗi. Misali, littafin In Search of Excellence (1982) na Tom Peters da Robert Waterman ya gabatar da kamfanoni 43 a matsayin abin koyi, amma a 1984 mujallar Business Week ta nuna cewa da dama daga cikinsu sun shiga matsala. Haka kuma an rubuta yawancinsu ne bisa al'adar kamfanonin Amurka, don haka wata shawarar sai an auna ta kafin a kai ta wani wuri.

Bisa ga wannan, amfanin littafi yana tattare ne da aiki da shi. Attajirin nan Warren Buffett ya karanta littafin Carnegie tun yana yaro, amma tsoron magana a gaban jama'a bai sake shi ba sai da ya shiga ajin Carnegie ya riƙa tashi yana magana. Hausawa na cewa daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Littafi yana nuna wa mai son shugabanci inda na gaba suka taka, shiga ruwan kuwa ya rage gare shi.