Hasken Ƙofa da Farin Kwali: Yadda Ake Ɗaukar Hoto Mai Kyau Ba da Fitila Ba

Duk wanda aka tsayar a tsakar gida da azahar aka ɗauke shi hoto ya san abin da yake gani bayan nan. Idanu sun lume cikin inuwar gira, goshi da karan hanci na ta ƙyalli, ƙasan haɓa baƙi ƙirin, ga fuska a yamutse. Nan take sai a ɗora wa wayar laifi, a ce kyamararta ba ta da kyau. Sau da yawa wayar ba ta yi komai ba, hasken ne bai dace ba.

Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, shi ya sa duk girmanta, daga nan ƙasa babban yatsa ɗaya ya isa ya kare ta. Hasken da ya fito daga ƙaramin wuri irin wannan ta hanya ɗaya yake zuwa, sai ya yanka inuwa mai kaifi. In kuwa ya fito daga wuri mai faɗi, ta ɓangarori da dama yake sauka, wani ya cike inuwar da wani ya bari. Ranar da hadari ya rufe sama ko hazo ya sauka, sararin samaniya gaba ɗayansa ya zama fitila, shi ya sa fuska ke yin laushi a hoto. Aikin mai ɗaukar hoto a nan shi ne ya faɗaɗa wurin da haske ke fitowa, kuma ba sai ya jira hadari ba.

Seydou Keïta na ƙasar Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, mafi yawan aikinsa a tsakar gidansa ya yi shi da hasken rana, kuma da zanin gadonsa ya fara yin labulen da yake ratayawa bayan mutane. Ya rasu a 2001, amma har yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Wanda ya dube su zai ga zanen atamfa ya fito ɗaya bayan ɗaya, fatar mutane na sheƙi ba tare da ta yi fari fat ba.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne bakin ƙofa, ko taga, ko gefen rumfa. A tsayar da mutum daga ciki, taku ɗaya ko biyu daga inda rana ta tsaya, hasken ya zo masa ta gefe. A kashe ƙwan lantarki, a kashe filasha. Kada a bar ƙofar a bayansa, in ba haka ba wayar za ta auna hasken waje ta bar fuskar cikin duhu. Ƙarƙashin bishiya kuwa a yi hattara: inuwar darbejiya tana da daɗin zama, amma ranar da ke kutsowa ta cikin ganye tana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Littattafan koyon hoto na Turai suna yawan cewa a nemi tagar da ke kallon arewa, domin a can rana ta kudu take ratsawa, ba ta cika shiga tagar arewa ba. Haka masu ɗaukar hoto na ƙarni na 19 suka riƙa gina ɗakunansu da gilashi ta arewa. Wannan shawara ba ta zauna mana daidai a duk shekara ba. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa, tagar kudu ce ke samun hasken da babu rana a ciki. Da hunturu kuma sai abin ya juya. Gara mutum ya duba ɗakinsa da idonsa ya ga tagar da rana ba ta shigowa a lokacin da yake son aiki.

Hasken gefe yana barin ɗaya kuncin cikin duhu, a nan ne abin mayar da haske ke shigowa. Farin kwali ya isa, ko bayan tsohuwar kalanda, ko farin mayafi da aka shimfiɗa a kan kujera. A riƙe shi ta ɓangaren da ke da duhu yana fuskantar taga. Haske yana dawowa ne kamar ƙwallon da aka buga a bango, yadda ya je a karkace haka zai dawo a karkace, don haka sai an yi ta juya kwalin a hankali ana kallon fuskar har a ga inuwar ta sassauta. Nisa ma yana da tasiri ƙwarai. Kwalin da ke kamu ɗaya daga kunci yana aiki sosai, in aka ja shi baya taku uku kusan ya zama ado. Kuma kada a kashe inuwar gaba ɗaya. Ita ce ke nuna tudun kunci da siffar hanci, fuskar da babu inuwa ko kaɗan shafaffiya take fitowa.

Abu mai ƙyalli, irin faifan azurfa da direbobi ke sawa a gilashin mota ko takardar naɗe gasasshen kifi, ya fi kwali ƙarfi. Takardar a cukuikuye ta tukuna, a warware, a manna a kwali, don ta watsa hasken. Madubi kam ba na ba da shawararsa ga fuska, domin ranar yake dawowa da ita yadda take, ya kashe wa mutum ido.

In babu inuwa a kusa, ko rana ta faɗo ta taga kai tsaye, sai a tace ta. Farin zanin gado mara kauri ko farin labule shara-shara ake shiga da shi tsakanin rana da mutum. Yanzu zanen ne ya zama fitilar, kuma matso da shi kusa yana ƙara wa hasken laushi. Mutum biyu su riƙe, ko a rataya a igiyar shanya. Ya zama fari tas, domin haske yana ɗaukar launin duk abin da ya ratsa ko ya daka. Labule ja zai mayar da farar shadda ruwan hoda, bango mai koren fenti ya zuba wa kunci kore. Masu sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram su fi kowa kula da wannan, saboda rigimar "ba wannan kalar na gani a hoto ba" yawanci daga nan take tasowa.

Akwai kuma akasin haka. In haske ya yi yawa ta ko'ina har fuska ta rasa siffa, baƙin ƙyalle a gefe ɗaya yana shanye haske ya dawo da 'yar inuwa.

Saura wani abu da ya shafe mu musamman. Kyamara tana ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani tsaka-tsaki ne, tsakanin fari da baƙi. Baƙin mutum cikin farar babbar riga yana rikita ta: ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuska ta nutse. Maganinsa a taɓa fuskar a allon waya, a ɗan ɗaga hasken da yatsa, sannan a ɗora farin kwali daidai ƙirji daga ƙasa ya cike ƙarƙashin ido da haɓa. Baƙar fata tana son haske mai faɗi, don sheƙinsa ne ke zana ta.

Kafin ka sake cewa a kawo waya mai tsada, goge gilashin kyamararka daga ƙurar hunturu, ka ɗauki mutum ɗaya sau biyu a bakin ƙofa da hantsi, ɗaya da kwali ɗaya babu, ka jera hotunan ka duba kuncin da ke cikin inuwa.