Shirin Musamman: Tabon Ruwa a Gilashin Mota, Asalinsa da Maganinsa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraronmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da mutanen Kwatarkwashi da ke zaune a gindin dutse, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na musamman.

Yau da direbobi muke, da yaran mota, da matasan da ke neman halaliyarsu da bokiti da soso a bakin tasha, da duk magidancin da Allah Ya hore wa abin hawa. Magana ce a kan farin tabon nan ɗigo-ɗigo da ke maƙale wa gilashin mota. A wanke da omo, a dirza har hannu ya gaji, gilashi na bushewa sai ga shi ya sake fitowa. Mene ne shi? Me ya sa sabulu ba ya cin sa? Da me ake fitar da shi ba tare da an lalata gilashin ba? Sai a gyara zama.

(Kiɗa ya ɗaga, ya sauka)

Wani zai ce, a cikin duk matsalolin da ke damun Zamfara, tabon gilashi har ya kai a yi masa shiri? Ya kai, ga kuma dalili. Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Kwatarkwashi ya san gabas ake fuskanta. Direban da ya yi lodi da sassafe, rana a idonsa take fitowa. In ya juyo da la'asar sakaliya, ga ta can a yamma tana jiransa. Halin tsaron da muke ciki kuma ya sa kowa na so ya shiga gari kafin duhu, don haka lokacin da rana ta fi kashe ido shi ne lokacin da kowa ke sauri.

Gilashi mai tsabta yana barin haske ya wuce kai tsaye. Gilashi mai tabo kuwa, kowane ɗigo warwatsa hasken yake yi, sai gaban direba ya yi fari fat. Da dare ma haka, in tirela ta haske shi da manyan fitilu. A cikin wannan ɗan lokaci da ido ya ɗauke, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Rami ne a gaba, ko mai babur, ko yarinya mai talla za ta tsallaka, direba bai gani ba. Saboda haka maganar nan ta wuce ta kwalliya, ta rayukan fasinja ce.

To, mene ne tabon? Ba datti ba ne irin na ƙura ko maiƙo. Dutse ne da ya narke a cikin ruwa. Ruwan sama idan ya sauko kusan babu komai a cikinsa, amma da ya shige ƙasa sai ya riƙa narkar da ma'adinan da ya tarar a hanya, musamman kalsiyam da magnesiyam. Ruwan rijiya da na burtsatse da 'yan ga-ruwa ke turowa a kura duk yana ɗauke da su, wani kaɗan wani da yawa. Wanda ya yi yawa shi ne ruwan zartsi, wanda mata suka san shi da cin sabulu ba kumfa. Masana kan lissafa ruwa a cikin masu nauyin ma'adini idan abin da ke cikin lita ɗaya ya haura miligiram 120.

Ku leƙa cikin butar da mai shayi ya daɗe yana tafasa ruwa da ita. Wannan farin ɓawo da ya kama gindinta, shi ne dai a jikin gilashinku. A buta wuta ce ta ƙone ruwan ta bar ma'adinin, a mota kuwa rana ce. Ɗigon ruwa ya zauna a gilashi mai zafi, ya bushe daga gefe zuwa tsakiya, ya bar zobe fari. Gobe a sake wanki, wani zoben ya hau kan na jiya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kafin mai wanki ya zagayo daga bayan mota gilashin gaba ya riga ya bushe.

Ƙasar ma tana da nata hannu a ciki. In aka nausa yamma wajen Sakkwato, akwai farar ƙasa shimfiɗe, ita ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irinta yakan kwaso kalsiyam sosai. Nan wajenmu kuwa duwatsu ne masu tauri irin Dutsen Kwatarkwashi, waɗanda ke cike da wani ma'adini da ake kira silika, kuma kaɗan-kaɗan yakan narke ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gilashi shi kansa kusan kashi 70 cikin 100 silika ne, domin da yashi ake yin sa. Shi ya sa tabon silika in ya daɗe yakan kama gilashi kamun da ba ya saki da sauƙi. Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Sakkwato, yau wanki a nan gobe a can, yana iya tara iri biyun a gilashi ɗaya.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, ga magani, kuma mataki-mataki ne. Kada a tsallake na farko a faɗa na ƙarshe.

Da farko a kai motar inuwa, a bari gilashi ya huce. A ɗora bayan hannu a ji, in da zafi a dakata. Sai a kwarara ruwa ya tafi da ƙura, a wanke da sabulu, a ɗauraye, a tsane. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ainihin tabon.

Maganin tabon kalsiyam tsami ne. Omo da toka da kanwa duk ɓangare ɗaya suke da shi, ba sa narkar da shi, ko buhu guda aka zuba. Abin da ke cin sa shi ne farin ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, irin na girki da ake sayarwa a shaguna. A haɗa kofi ɗaya na khal da kofi ɗaya na ruwa mai kyau. A jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa shi a kan tabon, a bar shi kamar minti biyar, ana kula kada ya bushe. Aikin na jira ne, ba na ƙarfi ba. Bayan nan a goga a hankali, a ɗauraye sosai, a tsane da busasshen tsumma. In da saura a maimaita sau biyu ko uku.

Wanda ke ƙauye bai samu khal ba, lemun tsami na nan. A matse, a tace da ƙyalle don kada 'ya'yan su bi, a yi amfani da ruwan kamar yadda muka faɗa. Ko kuma a raba lemun biyu a goga shi kai tsaye. Sai dai a ɗauraye da kyau, domin yana barin danƙo da ke kama ƙura. Mai son ya ga yadda abin ke aiki da idonsa, ya kankaro ɗan ɓawon nan na buta ya ɗiga masa khal. Zai ga ƙananan kumfa na tasowa, ɓawon na narkewa.

Hattara biyu a nan. Tsami ba ya shiri da fenti da robar gefen gilashi in ya daɗe a kansu, don haka duk inda ya zuba a bi shi da ruwa nan take. Sannan kada a kuskura a haɗa khal da ruwan bilic na wankin kaya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

To, in an yi sau uku tabo bai motsa ba fa? Wannan alama ce ta silika, ko kuma tabon ya fara cin fuskar gilashin. A nan tsami ya gama nasa, sai gogewa mai laushi. Farin man goge baki, ba mai kama da ruwan jeli ba, yana ɗan taimakawa. A shafa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa murzawa zagaye-zagaye a wuri kamar tafin hannu, a ɗauraye a duba. Wanda ya fi ƙarfin wannan, akwai man goge gilashi na musamman a wajen masu sayar da kayan mota, mafi inganci shi ne mai ɗauke da garin siriyam, wanda masu aikin gilashi da tabarau ke amfani da shi. A fara gwadawa a can kusurwar ƙasa ta ɓangaren fasinja. Kuma kada a nace a wuri ɗaya da injin gogewa, domin in gilashi ya lotsa, abin da ke gaba zai riƙa bayyana a karkace.

Ga gwaji mai sauƙi. A jiƙa wurin, a ja farce a kai. In tabon tudu ne a saman gilashi, akwai sauran dabara. In kuwa farce na faɗawa cikin ɗan rami, gilashin ya ciwu, ba wankin da zai mayar da shi. In a daidai idon direba yake, a kai wa masu gilashi su duba, in canji ne a daure a canja.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Yanzu ga abubuwan da muke roƙo a daina, domin sun kashe gilashi da yawa.

Na ɗaya, yashi da soson ƙarfe na wanke tukunya. A ma'aunin taurin ma'adinai, gilashi yana wajen 5 da rabi, ƙwayar yashi kuwa 7. Duk inda suka haɗu yashi ne zai yi nasara, kuma zanen da ya bari ba ya fita.

Na biyu, asid ɗin batir da ruwan wankin ban-ɗaki. Suna ƙona fenti, su ci roba, su sa ƙarfe tsatsa, su kuma ƙona hannu da idon mai wankin. Akwai ma wasu ruwan wanke ƙafar mota masu ƙarfi da ke cin gilashi shi kansa su bar shi da hazo na har abada. Ƙanena mai wankin mota, duk ruwan da aka ɗura maka a gora babu suna babu takarda, kada ka sa hannunka a ciki.

Na uku, reza. Tana kankare tabo, amma in ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashinta sai ta ja layi. Daga ciki kuwa, reza na tsinka siraran layukan nan na gilashin baya masu korar raɓa, ta kuma yaga baƙar ledar da ake liƙa wa tagogi.

Na huɗu, share ƙura a bushe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma akwai garin silika a cikinta. Direba ya fito da safe ya tarar gilashi ya yi buɗu-buɗu, sai ya kunna waifa ba ruwa, ko yaron mota ya sa gefen riga ya share. Kwana a tashi sai ka ga zane mai lanƙwasa ya bi sawun waifa. A fara zuba ruwa, sannan a taɓa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a nan yawancin rigakafin ba ya cin ko kwabo. A yi wanki da sanyin safiya ko da yamma, ko a ƙarƙashin rumfa. A bar gilashi ya zama na ƙarshe a ɗauraya, na farko a tsanewa. Kada a bar wa rana aikin busarwa, hannu ne zai busar. A ware tsumma biyu na gilashi kaɗai, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, kada su taɓa taya ko inji, kada a ajiye su a ƙasa. Da damina a tari ruwan sama a jarka bayan rufin ya wanku, a ajiye shi don ɗaurayar ƙarshe da kuma tankin waifa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma kusan babu ma'adini a cikinsa. Yayyafin farkon damina da ke sauka da ƙura, a wanke shi a ranar. Robar waifa kuma in ta tsage ko ta fara ƙara, a canja ta.

Masu motoci, ku ma da naku. In kun kawo wanki da tsakar rana kuna tsaye kuna cewa a yi sauri, kada gobe ku ɗora wa yaro laifin tabo. Ku ba shi lokaci ya tsane, ku biya shi haƙƙinsa da daɗin rai. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, muna roƙon ku taimaka a samar wa yaran nan rumfa, ku kuma riƙa duba gilashi kamar yadda kuke duba taya kafin mota ta ɗau hanya.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Malam direba, gobe in Allah Ya kai mu, kafin ka ɗauki fasinja, zauna a kujerarka ka kalli gilashinka ta wajen rana. In ka ga ɗigo-ɗigo, nemi lemun tsami da tsumma mai kyau ka ba shi minti goma. Mutanen da ke bayanka amana ce a hannunka, kuma da idonka suke gani. Allah Ya tsare hanya, Ya ba jiharmu zaman lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)