Kwamfuta A Cikin Bango: Abin Da Masu Bincike Suka Gani A Indiya

Tun da intanet ta bazu, watau hanyar nan da ke haɗa kwamfutocin duniya, masana suke ta tambaya ɗaya: ta yaya 'ya'yan talakawan birni za su sami rabonsu? Muna so mu ba masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, labarin wani gwaji da aka yi a ƙasar Indiya, gama akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aka ɗora wa aikin bincike ko rubuta rahoto.

A cikin shekarar 1999 wani masani, Sugata Mitra, ma'aikacin kamfanin NIIT, ya sa aka huda bangon ofishinsu a Kalkaji, cikin birnin Delhi. Bayan bangon nan kuwa unguwar matalauta ce. Aka kafa kwamfuta a ramin, fuskarta tana duban waje, aka haɗa ta da intanet, ba a ajiye malami ba, ba a kuma yi wa kowa bayani ba. Yara suka taru. Ba a daɗe ba sai ga su suna sarrafa ta, wanda ya gano abu ya nuna wa na kusa da shi, alhali ba su jin Turanci sosai. Aka sake gwadawa a Shivpuri da Madantusi, aka ga haka nan. Labari ya game duniya, har a 2013 aka ba Mitra kyautar TED ta dala miliyan 1. Waɗansu ma suka fara cewa kwanan malami ya ƙare.

To, amma gani ya kori ji. Wani malamin jami'a daga Amurka, Mark Warschauer, ya je da ƙafarsa ya duba irin waɗannan na'urori da aka kafa a wata unguwar matalauta ta Delhi, ya kuwa bayyana abin da ya tarar a littafinsa na 2003. Intanet ɗin ba ta cika aiki ba. Ba a tanadi darussa da harshen Hindi ba, wanda shi kaɗai yaran suka sani. Yawancin lokacinsu a wasanni da zane-zane yake tafiya, har waɗansu iyaye suna kukan abin ya ɗauke hankalin 'ya'yansu daga aikin makaranta. A 2010 kuma wata mai bincike, Payal Arora, ta ba da labarin waɗanda aka kafa a Almora da Hawalbagh, a gindin duwatsun Himalaya: ta iske an bar amfani da su, ta Almora ma an lalata ta.

Shi Mitra da kansa ya ga inda gizo ke saƙa. A ƙauyen Kalikuppam, kudancin Indiya, ya bar yara da darussan kimiyya a kwamfuta, suka ci wajen 30 cikin 100 a jarrabawa. Sa'an nan ya roƙi wata budurwa, wadda ba ta san darasin ba, ta riƙa tsayawa bayansu tana yabo tana tambaya. Sai makin ya hau zuwa wajen 50. Ashe na'ura tana bukatar babba a kusa da ita.

Abin da muka ɗauka a nan shi ne, ƙidaya kwamfutoci abu ne mai sauƙi, amma ba ita ce bincike ba. Wanda aka aika unguwar talakawa ya duba irin wannan aiki, tilas ya tambaya: su wa ke taɓa na'urar, su wa ke tsaye a baya? 'Yan mata nawa ne a ciki? Da wane harshe take magana? In ta lalace, wa zai gyara, da kuɗin wa? Me iyaye suka ce? Lalle ne kuma ya komo bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da manyan baƙi suka watse, masu ɗaukar hoto suka tafi.

Muna roƙon akawuna, in irin wannan rahoto ya zo teburinku babu amsar tambayoyin nan, ku san bai cika ba. Ku kuma malamai, kada ku raina abin da yara ke iya ganowa da kansu, gama yaran Kalkaji sun nuna shi. Ku ba su wuri su gwada, amma ku tsaya kusa.